Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko a kan tabarmar karta

Yau filin namu zai bar Yamai da hayaniyarta, ya bi babbar hanyar kwalta ya wuce Doso, ya sauka Dogondutsi, inda na je gaida tsofaffi gab da faɗuwar damina. Abin da na tarar a can shi ya sa na ɗauki alƙalami a kan maganar da ban taɓa zaton zan kawo ta cikin wannan shafi ba, wato wasan kartar nan da Turawa ke kira poka. Na san wasu za su ce wannan ba zancen mutanen kirki ba ne. Ina roƙonsu su yi haƙuri su kai ƙarshe kafin su yanke mini hukunci, domin jika 40 na gidanmu sun tafi a dare ɗaya, kuma ban yi tsammanin gidanmu kaɗai ne abin ya taɓa ba tsakanin Matankari da Tibiri.

Ina da ƙane, ɗan ƙanen mahaifina, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada in ƙara masa kunya a kan wadda yake ciki. Tun bayan girbi ya tafi ci-rani Kwatano, ya yi wata 6 yana dako a kasuwa, yana kwana a rumfa, yana ƙulle dala a kan dala, har ya dawo gida da abin da za a sayi irin wake da taki, a biya ƴan ƙwadago lokacin noman farko. A can ne ya koyi poka cikin salula, inda ake ba mutum kuɗin ƙarya ya yi ta zubawa, in sun ƙare a sake ba shi wasu. Da ya dawo sai ya tarar abokansa na fada su ma sun iya, har sun sauko da wasan daga salula zuwa tabarma, sun ture belot gefe, kuma abin da suke zubawa ba na ƙarya ba ne.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Karta 52 ce, dangi 4 kamar yadda muka sani a belot: ker, karo, pik da tirefil. A irin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ya samo sunansa daga jihar Tekzas ta Amurka, ana ba kowa karta 2 a rufe, sa'an nan a shimfiɗa 5 a buɗe a tsakiya, na kowa da kowa: 3 a tashi ɗaya, sai guda, sai ta ƙarshe. Kowa yana haɗa nasa da na tsakiya ya fitar da 5 mafi ƙarfi. Tagwaye, wato karta 2 masu lamba ɗaya, su ne ƙaramin haɗi. Tagwaye biyu sun fi su, ƴan uku sun fi tagwaye biyu, sai jeri, wato 5 masu bin juna, sai dangi, wato 5 duk iri ɗaya, sai ƴan uku haɗe da tagwaye, sai ƴan huɗu, sai jeri cikin dangi ɗaya, wanda mutum kan daɗe bai gani ba. Sau 4 ake zagayawa ana magana, kuma duk wanda zagaye ya zo kansa, ko ya wuce in ba a zuba kome ba, ko ya zuba kuɗi, ko ya bi abin da aka zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. Kuɗin duka suna taruwa a tsibi ɗaya a tsakiya. Mai cin tsibin shi ne wanda ya fi kowa haɗi in an buɗe, ko kuwa wanda kowa ya gudu ya bar masa.

A daren da abin ya faru su 6 ne a kan tabarma, shayi yana kan wuta. Aka raba, ƙanena ya ɗaga kartarsa ya ga as 2, hannun da babu wanda ya fi shi kafin a shimfiɗa na tsakiya, wanda kuma ba ya zuwa wa mutum sai sau 1 cikin rabo 221. Maimakon ya ƙara kuɗi, sai ya yi lamo ya bi kawai, wai don kada kowa ya tsorata, duk su shigo ya kwashe su gaba ɗaya. Duk 5 ɗin kuwa suka shigo. Aka shimfiɗa 9 ta ker, 8 ta ker da 4 ta pik. Kowa ya wuce, magana ta zo kansa daga ƙarshe, ya zuba, mutum 2 suka ajiye, 3 suka bi. Aka buɗe 7 ta tirefil. Nan take na farko, wanda tun ɗazu yake shiru, ya zuba jika 5, na biyu ya ɗaga zuwa jika 15, na uku ya bi ba tare da ya ce uffan ba. Ƙanena ya sake duban as ɗinsa, ya tura duk abin da ke gabansa, duk suka amsa masa. Kartar ƙarshe ta fito 2 ta ker. Da aka buɗe, na farko yana da 9 da 8, tagwaye biyu ke nan. Na biyu yana da bale da 10, ya haɗa jeri daga 7 zuwa bale. Na uku yana da sarki da 5 na ker, ya haɗa dangi, ya kwashe tsibin. Mai as 2 shi ya zo na huɗu cikin mutum 4.

Da gari ya waye na same shi zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce mini: «Yaya, as biyu nika riƙe da su, wallahi as biyu! Wagga ba rashin sa'a ba ta, hannu anka sa min.» Na ɗauko kartar na jera masa ita a ƙasa yadda ta fito jiya, na ce ya nuna mini guda ɗaya cikin waɗanda suka rage wadda da ita ta zo ƙarshe da ya ci. Ya duba, ya sake dubawa, bai samu ba, domin tun daga lokacin da 7 ta faɗo hannunsa ya mutu: ko da as ta uku ta zo, ƴan uku ba su kai jeri ba. Ya zuba kuɗin irin wake a kan hannun da babu abin da zai cece shi. Ba sammu a ciki, ba kuma rashin sa'a ba. Ya yi wasan mutum 6 ne da dabarar wasan mutum 2.

Wannan kuskure ba nasa ba ne shi kaɗai, yana da tushe a cikin abin da muka tashi da shi. Wasannin da suka horar da mu a Arewa kusan duk na gefe biyu ne. Dara, wadda tsofaffi ke yi a gindin icce da gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, mutum biyu ne ke fuskantar juna, sauran masu kallo ne. Kokowa ɗan kokowa ɗaya ne da abokin karawarsa ɗaya. Belot kanta, ko da yake mutum 4 ke zama, ɓangare biyu ne, kai da abokinka a kan su biyu, ana rabon maki 162. A duk waɗannan, in ka fi wanda ke gabanka ƙarfi ko dabara, ka ci. Poka ba haka take ba tun asalinta. An fara jin labarinta ne a farkon ƙarni na 19 a birnin Nubel-Orleyan, a yankin Luwiziyana da Faransa ta sayar wa Amurka a 1803, kuma masana da yawa suna danganta sunanta da wani tsohon wasan Faransawa. A lokacin mutum 4 ke zama da karta 20, kowa tasa ta fisshe shi, daga nan jiragen ruwan kogin Misisipi suka yaɗa ta. A irin wannan zama bai isa ka fi na kusa da kai ba, sai ka fi wanda ya fi kowa cikin duk waɗanda suka rage.

Bari mu koma ga lissafi, irin wanda muse ya koya mana a ajin ƙarshe na lise muna hamma, muna tambayar ranar da zai yi mana amfani. An daɗe da ƙididdige wannan da kwamfuta. In kana riƙe da as 2, kana karawa da mutum ɗaya mai kowace irin karta, aka bi har ƙarshe, za ka ci sau 85 cikin 100. In su 2 ne, sau 73. In su 3 ne, sau 64. In su 4 ne, sau 56. In sun kai 5, kamar yadda ƙanena ya gayyato da kansa, sau 49 ne, wato faɗuwarka ta fi cinka yawa. In sun kai 9, sau 31 kacal. Kartar ba ta canza ba, as tana nan as, abin da ya canza shi ne yawan hannayen da za su iya dacewa da na tsakiya. Mutum ɗaya mai karta 2 mabambanta ba ya samun tagwaye daga 3 na farko sai kusan sau 1 cikin 3, amma in mutum 4 ne, kusan sau 8 cikin 10 wani daga cikinsu ya samu wani abu.

Abu na farko ke nan da ya kamata mai babban hannu ya sani: taro ba abokinsa ba ne. In Allah ya ba shi as 2 ko sarki 2, aikinsa shi ne ya ɗaga kuɗi tun kafin a shimfiɗa na tsakiya, ya ɗaga sosai, yadda mai 9 da 8 da mai sarki da 5 za su ga tsada su ajiye, ya rage shi da mutum ɗaya ko biyu, wanda kuma ya nace sai ya gani to ya biya da tsada. Ƙanena ya buɗe musu ƙofa a kan araha, kowa ya shigo da tarkacensa, tarkacen wani kuwa dole ya dace. In kuma an riga an shiga da yawa, to tagwaye, kome girmansu, sun zama ƙaramin hannu, a riƙe su da taka-tsantsan, kada a gina musu babban tsibi.

Abu na biyu shi ne burga, wato ka zuba kuɗi alhali ba ka da kome, don a tsorata a bar maka. Ita ce abin da ke jan samari zuwa ga wasan, domin a finafinai jarumi yakan tura kuɗinsa da hannun banza, ya haɗe fuska, abokin gaba ya ajiye. To, ga lissafinta. A ce akwai jika 2 a tsibi, ka zuba jika 1 na burga. Don kada ka yi asara, sai ta yi aiki sau 1 cikin 3. A ce kuma kowane abokin wasa yakan ajiye sau 6 cikin 10. In mutum ɗaya ne a gabanka, cikin gwaji 100 za ka ci jika 120, ka rasa jika 40, riba jika 80. In su 2 ne, sai dukansu sun ajiye, wanda ba ya faruwa sai sau 36, ribar ta dawo jika 8. In su 3 ne, sau 22 ne, ka koma asarar jika 34. In su 4 ne, sau 13 ne, asarar ta kai jika 61. Burga iri ɗaya, fuska iri ɗaya, amma ta tashi daga riba ta koma rami saboda an ƙara mutum biyu a kan tabarma. Ramin ƙarya dama ƙurarre ne, a cikin taro kuwa ya fi ƙurewa, domin cikin mutum 4 da wuya a rasa mai gaskiya ɗaya ko mai taurin kai ɗaya, kuma ɗaya ya isa.

Wannan lissafi yana da wata fuska, wadda ita ce ta fi cutar da ƙanena. Tun da burga ba ta biya a cikin taro, to wanda ya zuba a gaban mutum 3 yawanci yana da abin da ya taka. Wanda ya ɗaga a kansa ya fi shi. Wanda kuma ya ga zubi da ɗagi, ya bi shiru, ko dai yana da babban hannu ko yana jiran babbar karta. Ruwa ba ya tsami banza. A daren nan mutum 3 sun faɗa wa ƙanena gaskiya da kuɗinsu, ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne mai magana daga ƙarshe, wato ya samu wurin zaman da ya fi kowane daraja, inda mutum ke jin ta bakin kowa kafin ya buɗe nasa. Wannan gata tana ƙaruwa da yawan mutane: mai magana da farko a gaban 5 yana tafiya cikin duhu, mai magana daga ƙarshe an haska masa hanya sau 5. An haska masa, ya rufe ido, domin yana kallon as ɗinsa yadda ta ke lokacin da aka raba, ba yadda ta zama ba bayan karta 4 sun sauka.

Abu na uku, akwai hannayen da taro ke yi wa rana. Ɗauki ƙananan tagwaye, kamar 5 da 5. Ba sa zama ƴan uku daga shimfiɗar farko sai sau 12 cikin 100, amma in sun zama, suna ɓoye, kuma cikin mutum 5 da wuya a rasa wanda zai biya. In ba su zama ba, a ajiye, asarar kaɗan ce. Haka mai jiran dangi, wanda ke da 4 iri ɗaya yana neman ta biyar. Karta 9 ke cika masa cikin 47 da bai gani ba, wato sau 19 cikin 100 a karta mai zuwa, sau 35 in zai ga biyun duka. A ce kowa ya sa jika 1 tun farko. In ku biyu ne, tsibi jika 2, abokin ya zuba jika 2, za ka biya 2 don neman 4, kana bukatar ci sau 33 cikin 100, alhali 19 gare ka, sai ka ajiye. In ku 5 ne, tsibi jika 5, ɗaya ya zuba jika 2, mutum 3 suka bi, za ka biya 2 don neman 13, bukatarka ta sauko sau 13 cikin 100, sai ka bi. Yaron da ya kwashe tsibin daren nan wannan hanya ya bi, ko ya san lissafin ko bai sani ba. Sai dai akwai sharaɗi: a cikin taro a nemi dangin da as ke jagora, domin mai ƙaramin dangi yakan cika hannunsa ya tarar wani ya cika wanda ya fi nasa, kuma babu asarar da ta kai ta wanda ya zo na biyu da babban hannu.

Kada wani ya ɗauka wahalar wasan taro ta tsaya ga samarin fada. Manyan masana lissafi na duniya sun sha fama da ita. A 1928 John von Neumann ya tabbatar da cewa a wasan mutum biyu, inda cin ɗaya shi ne faɗuwar ɗaya, akwai dabarar da in ka bi ta, kome wayon abokin karawarka ba zai ci ka ba in aka daɗe ana yi. A littafin da ya rubuta da Oskar Morgenstern a 1944, wanda ya kafa ilimin lissafin wasanni, ya yi nazarin burga a poka, ya kuma nuna cewa da zarar an zama 3 sabon abu ya shigo, wato biyu suna iya haɗa kai a kan ɗaya. A 1950 John Nash, wanda ya samu lambar Nobel a 1994, shi da Lloyd Shapley sun warware wata ƴar ƙaramar poka ta mutum 3, sai da suka rage mata karta da dokoki ƙwarai kafin lissafin ya yiwu. Na'ura ta doke zakaran ces na duniya Gari Kasparof tun 1997. A watan Janairu na 2017, a birnin Pitsbag, na'urar Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararrun poka 4 cikin rabo 120.000, amma ɗaya bayan ɗaya, gaba da gaba. Sai a 2019 Noam Brown da Tuomas Sandholm, tare da kamfanin Facebook, suka fito da Pluribus, wadda ta zauna da ƙwararru 5 a lokaci ɗaya, rabo 10.000 cikin kwana 12, ta fi su. Duk da haka masu ita ba su ce sun sami dabarar da ba a ci ba, domin tabbacin da von Neumann ya bayar ya tsaya ne ga mutum biyu. Wannan labari yana da gargaɗi ga mai zuba kuɗin gaske cikin salula: bai san ko waɗanda ke zaune da shi mutane ne ko na'ura ba, bai kuma san ko biyu daga cikinsu suna nuna wa juna kartarsu ba.

Mu ƴan Nijar ba sai an je Amurka an kawo mana misalin haɗa kai a kan mai ƙarfi ba, tarihinmu ya nuna mana shi a fili. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 27 ga Fabrairu 1993, Tanja Mamadu na MNSD shi ya zo na ɗaya da kashi 34 cikin 100, Mahaman Usman na CDS yana biye da kusan 27, Mahamadu Isufu na PNDS da kusan 16, Adamu Mumuni Jarmakwai na ANDP da 15. A ranar, cikinsu babu wanda ya kai shi ƙuri'a. Amma sauran sun ƙulla ƙawancen AFC, ranar 27 ga Maris Mahaman Usman ya ci da kashi 54. A watan Satumba na 1994 PNDS ta fice daga ƙawancen, lissafin ya sake juyewa. Wanda ya fi kowa ƙarfi ɗaya-ɗaya ba lalle ne ya fi taron ba. A kan tabarmar karta ma haka abin yake, kuma ba sai an ƙulla makirci ba: mai tagwaye biyu, mai jeri da mai jiran dangi ba su yi shawara ba, amma kowanensu ya ɗebi wani yanki na rabon ƙanena har ba su bar masa kome ba.

To, yanzu ga lissafin ƙarshe, wanda ya fi duk na baya nauyi. A wajen da ƙanena ya zauna, mai tabarma da fitila da karta yana cire la'ada daga kowane tsibi. A ce dala 20 ce kawai. A ce mutum 6 sun zo kowa da jika 10, jika 60 ke nan, aka yi rabo 100 kafin asuba. Mai tabarma ya tashi da jika 10, daidai da jarin mutum guda cikinsu, ba tare da ya riƙe karta ko ɗaya ba. Shi ne abokin karawa na bakwai, wanda ba a yi masa burga, ba ya kuma faɗuwa. In suka dawo dare 6 da kuɗin nan dai, suna ta juya su a tsakaninsu, duk sun koma aljihunsa. Wasan ba ya haifar da ko tamma guda, abin da wani ya ci wani ne ya rasa, bayan an cire na mai gida. Samari suna jin labarin Chris Moneymaker, akawun da ya shiga gasar duniya ta Las Begas a 2003 ta hanyar intanet da ƴan kuɗi kaɗan, ya tashi da dalar Amurka miliyan 2 da rabi. Gaskiya ne. Amma mutum 839 suka shiga gasar, kuma kuɗin da ya ɗauka na sauran ne, waɗanda mafi yawansu suka koma gida hannu wofi ba wanda ya rubuta sunansu.

Wani zai tambaye ni, in haka ne don me na ɓata shafi guda ina koyar da dabarar caca? Hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, yana cikin suratul Baƙara aya ta 219 da suratul Ma'ida aya ta 90, malamai kuma sun isar, ba ni da abin ƙarawa a kan nasu. Ƙanena ya san hukuncin tun yana makarantar allo, bai hana shi zama ba, domin abin da ya zaunar da shi shi ne imanin cewa ya fi sauran wayo, kuma babbar karta ba ta cin amana. Irin wannan imani lissafi ne ke karya shi. Wanda ya fahimci wasan taro da gaske zai ga cewa mafi yawan dabararsa ajiyewa ce: a ajiye hannu mai rauni tun farko, a ajiye burga, a ajiye tagwaye in an zuba an ɗaga, a ajiye ƙaramin dangi. Wanda ya iya wannan ajiyewa saura taki ɗaya ya rage masa ya gane cewa kuɗin iri da taki ba su da wurin zama a kan tabarmar nan ko kaɗan. Masu son wasan don kaifin hankali, ga ƙwayar gyaɗa nan da tsakuwa, lissafin bai canza ba, kuma ba wanda zai kwana yana kuka.

Ƙanen mahaifina, wanda bai taɓa riƙe karta ba a rayuwarsa, ya saurari duk bayanina yana gyaran ƙotar kalme. Da na gama ya dubi ɗansa ya ce: «Kai yaro, kura guda aka tara da sanda. In sunka kai biyat, icce aka hawa.» Ya sa aka kai tunkiya biyu kasuwa, aka sayi irin wake, taki kuwa bana sai na turke. Ƴan ƙwadago ba za a ɗauka ba, ƙanena shi zai yi noman farko da maimai da hannunsa, kuma bai yi gardama ba. Na baro shi yana wasa kalme a bakin zaure.

Ina kira ga iyaye da yayye daga Dan Kasari zuwa Kore Mairuwa, daga Kiyeshe zuwa Gesheme da Dumega, in ɗan ci-rani ya dawo, a karɓi kuɗin gona a adana tun daren farko, kafin ya je gaida abokai. Ga samarin fada kuma, in kun ƙi jin ta malam, to ku ji ta muse: ku ƙirga kawunan da ke kan tabarma kafin ku ƙirga abin da ke hannunku, kada ku manta da kan mai fitila.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.